Kunnen Ladi

Ban daɗe da tarewa a unguwar Longsight ta Manchester ba na fara jin haushin wata mata da ban taɓa ganin fuskarta ba. Tagar ɗakina tana kallon lungun bayan gidaje, inda ake jera kwandunan shara, kuma kullum da safe, daidai lokacin da barcin bayan asuba ya fara daɗi, sai murya ta taso daga ƙasa: "Talatu! Ɗanjuma! Asabe, ke ba kya ji ne? Ladi, sai na roƙe ki?" Ranar farko har ƙwalla na yi, don rabona da jin Hausa a titi tun da na baro Kano na zo karatu. Da abin ya ƙi ƙarewa sai daɗin ya koma takaici. Na ce wace irin uwa ce wannan, ta tara 'ya'ya haka a garin da ɗaki ɗaya ma sai da ƙyar, kuma a cikinsu babu mai amsa kira?

Wata safiya na zura hijabi na sauka, da niyyar in gaishe ta, in kuma cusa mata magana a cikin gaisuwar. Na tarar da wata dattijuwa gajera mai jiki, ta ɗora rigar sanyi a kan zanin atamfa, ƙafafunta cikin wasu takalman roba na maza da suka yi mata yawa. Ta jera kwanuka a gindin katanga. 'Ya'yan nata kuwa maguna ne, sun fi goma, kowace ta kafa kai a kwano ba ta ko kallona. Guda ɗaya ce kawai ba ta sauko ba, wata mai ruwan toka da farin wuya, tana zaune a kan katanga tana hararata.

"Ina kwana, Mama?"

Ta juyo da sauri har ta kusa zubar da ruwan da ke hannunta. "Yesu na! 'Yar ina ce ke?"

"Kano. Sunana Umaima, ina uni a nan."

"To sannu, 'yar Kano. Ja baya kaɗan, Ladi ba ta son baƙi."

Maganar da na zo da ita har yau ban faɗe ta ba. Na ja baya, Ladi ta sauko ta ci, ni kuma na ƙare a kicin ɗin Mama Celestina ina shan kunun gyaɗa da ban yi tsammanin samu a Ingila ba.

A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife ta. Mahaifiyarta mai awaki ce, kuma Celestina ce ke kora su bakin rafi kafin ta wuce makaranta, shi ya sa, in ji ta, ta fi sanin halin akuya a kan lissafi. Ta auri Bobai, direban babbar mota, mutum mai shiru, wanda idan ya yi doguwar magana a yini sai a tambaye shi ko lafiya. Shi ya fara zuwa Manchester ya samu tuƙin bas a Stockport Road, ita kuma ta biyo shi da 'yarsu Delight a hannu. Delight ita kaɗai ce, kuma sai da suka yi shekara da shekaru suna roƙo kafin ta zo. Mama ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi, tana yi wa iyayen wasu wanka tana ba su abinci a baki, nata iyayen kuwa suka tsufa suka rasu a ƙauye, ta ji a waya. Duk shekara sai sun ce baɗi za su koma gida, in yarinya ta gama makaranta, in ta samu aiki, in ta yi aure. Takan ba ni wannan labarin ne tana yanka albasa, ni kuma ba na tambayar na me hawayen yake.

Ba ita ta fara harkar maguna ba. Ba ta ma son su, don a garinsu magen da ta cika zama a katangar mutum ba kallon alheri ake yi mata ba. Bobai ne, wata Lahadi bayan sun dawo daga coci, ya ga 'yar kyanwa a jiƙe sharkaf a bayan kwandon shara, ya shiga kicin ya tsamo kifi daga miya ya kai mata. Mama ta ce faɗan da ta yi masa ranar har maƙwabta sun ji. Shi kuwa ya raɗa wa kyanwar suna Ladi, ya ci gaba da satar kifi abinsa. Ba ta taɓa yarda ya shafa ta ba, amma idan ya ƙwanƙwasa cokali a bakin kwano ya kira sunanta a hankali, daga duk inda take sai ta fito.

Da Bobai ya rasu, Mama ta raka gawarsa gida, aka binne shi a bayan gidan mahaifinsa, ta dawo Longsight ita kaɗai, don lokacin Delight ta yi aure tana aikin jinya a Birmingham. Safiyar da ta fara buɗe ƙofar baya, sai ga Ladi zaune a kan dakali, duk ta rame. Suka kalli juna. Mama ta koma ciki ta zura takalman mijinta, don su ne a bakin ƙofa, ta ɗauko kwanon da cokalin. Daga ranar ba ta fasa ba, ko ruwa ake ko ƙanƙara.

Ladi kuwa ta saka mata da haihuwa. Ban taɓa ganin mai zuba 'ya'ya irinta ba. Duk magunan lungun nan ko 'ya'yanta ne ko jikokinta, Mama kuma tana ba kowace sunan ranar da ta fara ganinta, har ranakun suka ƙare ta koma kan Ɗanladi ƙarami da Talatu ta biyu. Maƙwabta suka fara ƙorafi a kan wari da kukan muzurai, wani ma ya fito fili ya yi maganar guba. A haka Maureen ta shigo lungun. Baturiya ce doguwa siririya, ta yi ritaya daga aikin gidan waya, tana cikin wata ƙungiyar 'yan sa-kai masu kama magunan titi da tarko, su kai wa likitan dabbobi ya yi musu aikin da zai tsayar da haihuwa, sannan su mayar da su inda suka ɗauko su.

Ina tsaye Mama ta kore ta. "Ni?" ta ce da ni bayan matar ta juya. "Ni da na yi shekaru ina durƙuso ina roƙon haihuwa, ni zan ɗauki wata in kai a rufe mata? God forbid."

Sanyin shekarar ne ya karya ta. An yi kwana da kwanaki ana ruwa ba ɗaukewa. Wata safiya ta ɗaga wata tsohuwar katifa da aka yar a lungun, ta tarar da 'ya'yan da Asabe ta haifa duk sun sandare, ko ido ba su buɗe ba, Asabe kuma, wadda ita kanta ba ta gama girma ba, tana ta lasarsu. Mama ta naɗe su a tsumma, ta tona rami da wuƙar kicin a ɗan filin bayan gidanta ta binne su. Ta wanke hannu ta nemo lambar Maureen.

Ɗanjuma aka fara kamawa, don shi cikinsa ya fi hankalinsa girma. Da aka dawo da shi aka buɗe kejin, sai Mama ta ga an datse masa kan kunnen hagu. Maureen ta yi bayani cewa alama ce, don duk ɗan sa-kan da ya hango shi daga nesa ya san an gama da wannan, kada a sake wahalar da shi. Mama ba ta ma saurara ba. Ta zauna a kan dakali ta riƙe baki.

"Umaima, kin san shaidar wane ce wannan? Ta uwata ce. A garinmu kowane gida da yadda yake yanka kunnen awakinsa. Wasu tsaga biyu, wasu huji. Mu kan kunnen hagu muke cirewa. Ko a tsakiyar kasuwar Zonkwa na ga akuya da kunnen nan, na san ta gidanmu ce."

Na fassara wa Maureen, ta yi murmushi kawai. A wurin Mama kuwa magana ta gama zama. Dabbar da ke ɗauke da shaidar gidanku taku ce, kuna so ko ba kwa so, kuma alhakinta a wuyanku yake.

Daga nan ta zama 'yar sa-kai fiye da masu ƙungiyar. Ta koyi ɗana tarko, ta yayyanka tsofaffin zannuwanta ta ɗinka marufi, don mage idan aka lulluɓe kejinta ta shiga duhu takan natsu. Ranar da ba ta da aiki sai ka gan ta a bas da keji a cinya, ta nufi Hulme bayan gidajen ɗalibai, inda wasu kan ɗauki kyanwa don sha'awa su watsar da ita idan sun gama karatu. Ni ma ta sha jana, ina tafe ina ƙunƙuni. Na ce mata ban baro Kano don in riƙa bin maguna da gwangwanin kifi ba. Sai ta miƙo mini keji ta ce, "Riƙe nan, Dokta," alhali ko rabin karatun ban yi ba.

A hankali lungunmu ya yi shiru. Muzurai suka daina faɗa, warin ya ragu, masu ƙorafi suka nemi wani abin da za su yi ƙorafi a kai. Kowane kunnen hagu ya samu shaida, ban da ɗaya. Ladi ta ga abin da tarko ya yi wa zuriyarta, ta ƙi shi ƙememe. Sai ta zauna a kan katanga tana kallon ana ɗanawa, kamar uwar miji tana kallon girkin amarya.

Ana haka Delight ta samu ciki, na fari. Gwiwar Mama kuma ta daɗe tana ba ta wahala, hawan bene ya zama aiki, likita ya ce ta rage tsayuwa. Delight da mijinta Nentawe suka gyara mata ɗakin ƙasa a gidansu na Lozells, can Birmingham, suka ce ta ajiye aiki, ta mayar da mabuɗin haya, ta dawo wurinsu gaba ɗaya. Babu uwar da 'yarta tilo za ta haihu ta tsaya shawara. Wa zai yi mata wankan jego, wa zai gasa wa jariri cibiya? Ta amsa musu da murna, ta kashe wayar, ta daɗe tana kallon ƙofar baya.

"Ba zan bar ta haka ba," ta ce da ni. "In na tafi ba a yi mata ba, kafin sanyi ya wuce ta sake cika lungun nan, su fara complain, hukumar council su shigo, ko mai maganar gubar nan ya cika alkawarinsa. Duk wahalar da muka sha ta tashi a banza. Kuma me zan ce wa Bobai?"

Lokaci kuwa ya ƙure, don cikin Delight ya tsufa.

Ƙa'idar aikin mai sauƙi ce a baki. Mage ba ta shiga tarko sai da yunwa, don haka ake hana ta abinci yini guda, washegari a sa mata mai ƙamshi a can ƙuryar kejin. Likitan da ke taimaka wa ƙungiyar ranar Asabar kawai yake ba su, wato Juma'a ce ranar yunwa. Mama ta daure ta ɗauke kwanuka ranar Juma'a ta tafi aiki. Asabar da safe muka ɗana tarko, Ladi ta zo ta shinshina ƙofar, ta koma gefe tana lasar hannu, cikinta ɗam. Mako na gaba ma haka. Maureen ta rasa gane kan abin, har ta fara yi wa Mama kallon mai ba ta a ɓoye, Mama kuma ta rantse ta ƙara rantsewa.

Juma'ar da ta biyo baya sai ta ɗauki hutu, ta hawo ɗakina da ƙyar, muka zauna a taga muna gadi. Har rana ta take lungun babu kowa. Ana saukowa daga masallaci sai ga Sanusi, wani ɗan Gusau mai karatun injiniya da ke taya aiki a shagon naman halal na bakin titi, ya buɗe ƙofar bayan shago da faranti cike da guntayen hanta da fatar kaza, ya zube a gindin katanga yana motsa baki da addu'a. Bai gama juyawa ba wasu ɗalibai suka iso, sun ɗora rigunan sanyi a kan kaftani, riƙe da ragowar shinkafa da nama. Can sai matar maƙwabcinmu Malam Sha'aban ta leƙo da kwanon madara. Magunan lungu suka yi biki, Ladi ce a gaba.

Sadakar Juma'a ce. A gida mai karɓa ba ya wuya, kana buɗe ƙofa ka same shi. A nan kuwa mutum zai riƙe abu a hannu ya rasa wanda zai miƙa wa, in ka kai wa maƙwabcinka Bature abinci sai ya tsare ka da tambayar me ke ciki. To sai mutanenmu suka gano maguna. Ni dai ba na cikinsu, don abin da nake dafawa ba ya saura. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe ladanku ne yake ɓata mini aiki."

Ta ja ni gida-gida, wai ni na san yadda ake yi wa mutanena magana. Ɗaliban ba su yi wuya ba, matar Malam Sha'aban ma haka. Sanusi ne ya kafe.

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce yana goge hannu a rigar aikinsa. "Ranar Juma'a fa. Ina ji tana kuka a bayan shago, ga nama a gabana, in hana ta? Wallahi ba zan iya ba. Kuma ni wannan operation ɗin ma ban gane masa ba. Allah ya ba ta haihuwa, mu mu ce a'a?"

Raina ya ɓaci. Na ce to ya riƙa zuwa yana binne 'ya'yan idan sanyi ya kashe su, tunda shi kaɗai ne mai tausayi a unguwar. Mama ta taka mini ƙafa da takalmin Bobai.

"Ɗana," ta ce masa, "abin da ka faɗa ni ma na faɗe shi, a lungun nan, da ƙarfi ma fiye da kai. Ban ce ka fasa sadakarka ba. Ka kawo mini in ajiye mata a freezer. Yini ɗaya ne kawai. Ranar da ta dawo daga wurin vet, naka za ta fara ci."

Sanusi ya sosa ƙeya, ya ce to in haka ne ai ladan yana nan.

Juma'a mai zuwa ita ce ta ƙarshe da za a iya gwadawa kafin tafiya. Bayan sallah mutane suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofar gaba ta gidan Mama, kowa da ledarsa, suna miƙa wa mai gicciye a wuya sadakarsu ta Juma'a, tana karɓa da hannu biyu tana sa musu albarka. Firiza ta cika. A ƙofar baya kuwa kuka ake. Sauran magunan sun yi sun gaji sun watse, Ladi ce ta zauna a kan dakali tana kira, wani siririn kuka da ban taɓa jin ta yi ba.

Na zauna da Mama a tsakiyar kwalayen da aka riga aka ɗaɗɗaure. Na haɗa mata shayi, ya huce a gabanta. Na ce ta ci ko burodi ne, ga maganin gwiwa da ba a sha da yunwa.

"Tana waje da yunwa, ni ina ciki ina tauna? Ba a yi haka a gidanmu ba."

Ta yini ba ta sa komai a baki ba. Ta riƙa ba ni labarin Bobai, yadda yakan dawo daga tuƙi ya zauna a dakalin nan da sanyi da komai, shi da Ladi, kowa na kallon gabansa, babu mai ce wa wani uffan. Ta ce a da zaman yana ba ta haushi, tana ganin mage ta fi ta samun hirarsa. Yanzu kuwa da za a ba ta yamma ɗaya ta leƙa ta taga ta gan su a haka, ba za ta nemi komai ba. Duk sanda Ladi ta yi kuka sai Mama ta yi shiru har kukan ya tsaya, sannan ta ɗora daga inda ta kwana. Tausayinta ya kama ni, na rasa yadda zan yi, sai na tashi na wanke kofunan da ba su yi datti ba.

Da safe ana yayyafi muka ɗana tarkon, da hantar da Sanusi ya kawo a ciki. Ɗanjuma ya faɗa, aka sake shi, ya sake faɗawa, sai da na janye sauran can bakin lungu na ba su nasu. Ladi ta sauko, ta zagaya kejin, ta sa kai ta janye. Yunwa na cinta, kowa na gani, amma ta koma gefe ta zauna. Maureen ta dubi agogo ta ce likita ba zai jira ba.

Mama ta shiga kicin ta fito da kwanon Bobai da cokalin. Ta zagaya bayan kejin, ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo a cikin ruwa, ta ƙwanƙwasa cokalin a hankali. Ba muryar da take tashina daga barci da ita ta yi ba. Ƙasa-ƙasa ta kira, yadda mijinta yakan yi. "Ladi. Zo mana. Ladi." Magen ta ɗaga kai. Ta taho kai tsaye, ko kallon hantar ba ta yi ba, ta bi ta cikin kejin don ta isa wurin muryar. Ƙofar ta faɗo.

Ladi ta yi ta dukan ƙarfe har hancinta ya fashe, sannan ta tsaya cak tana kallon Mama ta tsakanin wayoyin. Maureen na ta murna an yi nasara. Mama ta lulluɓe kejin da zaninta, na kama ta ta miƙe da ƙyar.

"Ba yunwa ce ta kama ta ba, Umaima," ta ce. "Ni ce."

An dawo da ita lafiya, an aske gefen cikinta, kunnen hagu da shaida. Mama ta ɗumama naman Sanusi ta ajiye kamar yadda ta yi alkawari. Ana buɗe kejin Ladi ta fita a guje, ta haye katanga, ta ɓace. Maureen ta ce haka suke yi, za ta dawo. Kullum da safe Mama tana kiran sunaye, duk suna zuwa, ta bar na Ladi a ƙarshe ta yi ta maimaitawa. Ina kwance ina ji, kuma ban taɓa zaton zan yi addu'a a kan mage ba sai a kwanakin nan.

Har ranar da Nentawe ya zo da motar kwasar kaya ba ta dawo ba. Mama ta sa shi jira, ta zagaya lungun tana ɗingishi tana leƙa bayan kwanduna. Daga ƙarshe ta cire takalman Bobai ta miƙo mini, tare da kwanukan da cokalin.

"Ki riƙa sa su in za ki fito. Sun san ƙararsu."

Na ce ni da thesis a kaina, wa ya ce na karɓi aikin? Ta ce, "Riƙe nan, Dokta," ta shiga mota. Ba ta waiwayo ba sai da suka kai kwana, shi ma katangar ta kalla, ba ni ba.

Haka na gaji garke. Yanzu ni ce mai tashin mutane a lungu, da hijabi da takalman mamaci, ina kiran Talatu da Ɗanjuma, kuma na tabbata akwai wata a sama tana jin haushina. Ladi ta dawo bayan wasu makonni, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi. Takan zauna a katanga, ba ta saukowa sai na koma gida. Na kira Mama na gaya mata, ta yi ta gode wa Allah har wayar ta ɗauki zafi.

Delight ta haifi mace, na hau babbar bas zuwa Birmingham barka. Gidan nasu na Lozells irin namu ne, jere da 'yan uwansa, da shagon kayan miya a kwana. Na tarar da tukunyar farfesu a wuta, Mama ta tsare mai jego da ruwan zafi, Delight na ihu daga banɗaki, "Mum, it's too hot!" Mama na cewa ungozomar asibitin da ta hana ruwan zafi ba ita ta haife ta ba. Tana cikin farin ciki, wannan ba ƙarya, ta miƙo mini jaririyar tana washe baki. Amma kafin ta tambayi karatuna sai da ta tambayi abin da ke ranta.

"Kunnen ya warke? Tana cinye nata ko Ɗanjuma na ƙwace mata? Tana zuwa dakali?"

Na ce kunne ya warke, kuma Ɗanjuma bai isa ba. Dakali kuwa ba ta zuwa, an sa sababbin 'yan haya, sun yi wa ƙofar fenti, ko kusa da ita ba ta bi. Mama ta gyaɗa kai. Ta ja ni ƙofar bayan gidan, ta nuna mini wata baƙar mage a kan katangar maƙwabta, kan kunnenta na hagu a datse.

"Ga wata ta gidanmu can," ta ce. "Na kira ta da duk ranakun mako, ba ta san ko ɗaya ba."

Da zan tafi ta rako ni bakin titi, ta riƙe hannuna. "Gobe in kin fita, ki kira ni da video. In gan ta kawai, ba zan yi magana ba."

Washegari na jera kwanuka, na kira ta, na ɗaga wayar saitin katanga. Ladi na nan a wurin zamanta. Mama ta daɗe tana kallo shiru, ina jin numfashinta. Sai ta kasa daurewa.

"Ladi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Zo mana. Ladi."

Kunnuwan magen suka miƙe. Ta diro daga katanga ina tsaye a wurin, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta wuce ta gefen takalman Bobai, ta wuce kwanonta, ta nufi ƙofar nan mai sabon fenti, ta hau dakali ta zauna. Ta ɗaga kai tana kallon mariƙin ƙofar, ta yi siririn kukan nan.

A cikin wayar jaririya ta fara kuka a bayan Mama, Delight na kiranta. Ba ta juya ba. Ta rufe baki da hannu, sannan ta ce:

"Kashe wayar, Umaima. Sau biyu ke nan ina kiranta inda ba za ta same ni ba. Kar mu sake."

Na kashe. Na ɗauki kwanon na kai mata dakalin, na ja baya, ko kallonsa ba ta yi ba. Da na hau sama na leƙa ta taga, tana nan zaune tana jiran a buɗe ƙofa.